Wai Kunyar Ƙwarya Kuke Ji?

Yau da ɓacin rai na ɗauki biro, sai ku yi haƙuri da ni.

Ƙanwata da ke jami'a ta zo hutu, ina yi mata tsifa take ba ni labarin ranar al'adu da aka yi a makarantarsu. Yarabawa sun fito da ashoke da gwaggwaro, 'yan Tibi da zanensu mai ratsin baƙi da fari, 'yan Ibo da murjani har wuya. Na ce to ku fa? Sai ta yi dariya, wai rumfar Hausawa mata uku ne kacal, sauran duk sun shige ɗaki sun ja labule, har da ita. Wai kada a gan ta da ƙwarya da ludayi a ce 'yar ƙauye ce.

Wallahi sai da na ajiye tsinken tsifar.

Ni dai ban taka jami'a ba, ina gama sakandare aka ɗaura mini aure, amma na san in kika bar rumfarki wani ne zai faɗa wa jama'a ko ke wace ce. Ai kuwa haka aka yi. Ta ce da yamma wasu suka yi wasan kwaikwayo, Bahaushiyar cikinsa 'yar talla ce wadda ko canji ba ta iya ƙirgawa, aka yi ta ƙyalƙyala dariya. Wai abin ya yi mata ciwo da aka ba ta labari. Ciwo a bayan labule, wa ya ji?

Ke da za ki miƙe ki ba su labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jaji-jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata 'Yan Taru. Hawan Sallar Kano da kike gani kamar ba komai ba, a 2024 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattali. Ke kuma kina ɓoye ƙwarya!

Iyaye mata, ku ma da laifinku. Da an ambaci ƙungiya sai ku ce karatu aka tura ta, ba rawa ba. Na yarda akwai taron da 'yar mutunci ba za ta je ba, ni ma ba zan bar tawa ba. To amma muhawara fa? Kacici-kacici da baje kolin dambu da fura fa, mene ne aibinsu? Yarinyar da gobe bautar ƙasa za ta iya jefa ta Inugu, ba gara tun yanzu ta leƙa rumfar 'yan Ibo ta koyi gaisuwarsu ba?

Ranar da za ta koma na ɗauko zanen saƙin marigayiya Inna da faifai biyu na cusa mata a jaka, na ba ta kuɗin rajistar ƙungiyar Hausa. Ta turo baki. Na ce in ta dawo ban ga kati ba, ta nemi wata ta yi mata tsifa.