Labarin Siya Kolisi: hazaƙa kaɗai ba ta ishi ɗan talaka ba

Yau zancen zari-ruga za mu yi, wasan nan na mutum 15 kowane ɓangare, da ake gudu da ƙwallo mai siffar ƙwai a hannu. Mu nan ba mu cika kallonshi ba, amma a Afirka ta Kudu babban abu ne. Zamanin wariyar launin fata, ƙungiyar ƙasar, Springboks, kusan ta fararen fata ce zalla.

An haifi Siya Kolisi a 1991 a Zwide, unguwar talakawa baƙar fata da ke gefen birnin da a lokacin ake kira Port Elizabeth. Kakarshi ta raine shi, kuma shi da bakinshi ya sha faɗin yadda yake kwana da yunwa. Yana ɗan shekara 12 aka gan shi a wata gasar yara, aka ba shi tallafin karatu a makarantar Grey, wadda ta yi suna wurin wanga wasa. Daga nan ya shiga ƙungiyar Stormers, a 2013 ya fara buga wa ƙasarshi. A 2018 mai horarwa Rassie Erasmus ya ba shi kyaftin, baƙar fata na farko da ya ja Springboks a wasan ƙasa da ƙasa. Ya ɗaga kofin duniya a Japan a 2019, bayan sun doke Ingila 32 da 12. A 2023, watanni kaɗan bayan aikin tiyata a gwiwa, ya sake ɗaga shi a Faransa, suka ci New Zealand 12 da 11.

To, ga inda nike da ja. Duk wanda ya ba da labarin nan sai ya rufe da cewa: kun ga, mai ƙoƙari ba ya taɓewa. Wallahi rabin gaskiya ce. Ƙoƙari ya yi, babu musu. Amma mi ya sauya rayuwarshi? Makaranta, abinci, wurin kwana, fili mai kyau da malamin da ya san aiki. Da ba a gan shi rannan ba fa? Yara nawa masu ƙarfi irin nashi aka bari a Zwide, ba wanda ya ji sunansu? Shi kanshi ya gane haka, shi ya sa a 2020 aka kafa gidauniya da sunanshi, wadda ciyar da mabuƙata na cikin manyan ayyukanta.

Don haka ƴan uwa, in za mu ba yaranmu wanga labari, mu ba su shi cikakke. Yaron da ke ka da sa'o'inshi a kokowa bayan girbi, ko mai buga ƙwallo ba takalmi a unguwa, ba wa'azin ƙoƙari ya rasa ba. Mai riƙe mashi hannu ya rasa. Masu hali da hukumomi, tafi kuka iya in yaro ya yi suna, ko za ku neme shi tun yana ɗan shekara 12?

Allah ya sa mu dace.