Za'atar Zai Fita A Zangon Kumasi In An San Halinsa

Akwai maganar da ta yi yawa a bakin mutane, wai za'atar ba ya fita a ƙasar Asante, sai dai a saya a kantin Kwara ko a jira tsarabar alhazai. Ni dai ban yarda ba. Ƙasa ba ta ƙi shi ba, mu ne mu ke kashe shi da ruwa.

Wannan ganye, wanda Turawa su ke kira oregano, asalinsa na duwatsun bakin Bahar Rum ne, watau wajen Girka da Turkiyya da Sham, inda rani ya ke da tsawo. Mutanen Sham su kan daka busasshensa da riɗi da gishiri da summaƙ, su ci da gurasa da man zaitun. To, abin da ya saba da tsandauri, ƙaƙa zai yi da Kumasi mai damina biyu a shekara? Mutum ya dasa shi a bayan wurin alwala tare da na'a-na'a, saiwa ta ruɓe, sa'an nan ya ce ƙasa ce ba ta karɓa ba. Na'a-na'a ita ce mai son laima, a bar mata wurin.

Ga yadda za a yi. A sami tsohuwar tukunya ko bokiti, a huda gindin, a zuba tsakuwa, a bi da ƙasa wadda aka gauraya da yashi. Taki kaɗan ya isa, domin in ya yi yawa ganye ya kan yi fāɗi amma ƙamshi ya ragu. A roƙi reshe kamar tsawon yatsa wurin mai shi, a tsige ganyen ƙasa, a soka. Cikin mako 2 ko 3 zai yi saiwa. A ajiye inda rana ta ke bugawa, in hadari ya taso a ja shi ƙarƙashin rumfa. Kada a ba shi ruwa sai an taɓa ƙasar an ji ta bushe.

Wajen yanka kuwa, a bari ya kai taƙi guda, a yanka da hantsi bayan raɓa ta kama gabanta, kafin ya yi fure, gama a lokacin nan ne ƙamshinsa ya fi ƙarfi. Kada a ɗebi fiye da sulusi. A ɗaure, a rataye a inuwa. Hunturun Disamba da Janairu ya fi kome busar da shi.

Na san masu haya za su ce tsakar gida ba tasu ba ce. Gaskiya ne, amma tukunya ɗaya ba ta tare hanya, ran tashi kuma a ɗauke ta tare da tabarma. Ina roƙon masu gidaje kada su hana. Waɗanda su ke tallarsa kuma da sunan maganin kowace cuta su ji tsoron Allah: kayan miya ne da shayi, mai zazzaɓi a kai shi asibiti.