Zancen Akawu: Baƙin Husufin Rana

Zuwa ga Edita. Ina roƙon fili wannan mako kuma, in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai zancen husufin rana.

Abin da ke kawo shi, wata ne ke ratsawa tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo bisa ƙasa. Amma inuwan nan siririya ce, faɗinta bai cika kai mil 150 ba. Saboda haka wanda ke son ganin duhun sosai, tilas ya ɗaura kaya ya tafi inda za ta bi. Ita kuwa ba ruwanta da iyakar ƙasa.

Ku duba abin da ya auku ran 29 ga Mayu, 1919. Wani masanin taurari na Ingila, Eddington, ya sauka tsibirin Firinsife, cikin teku kudu da Nijeriya, don ya gwada maganar Einstein, malamin Jamus, wanda ya ce hasken tauraro yakan tanƙwara in ya bi kusa da rana. Ba a iya ganin taurarin nan sai rana ta rufe. To, wata shida ke nan da 'yan kwanaki da tsai da yaƙi tsakanin ƙasashensu biyu, jini bai ko bushe ba. Da safe aka yi ta ruwa, daga baya hadari ya ɗan yaye, ya ɗauki hotuna, ya koma ya shaida wa duniya Bajamushe ya yi gaskiya. A ganina wannan ya fi hotunan daraja.

Ran 30 ga Yuni, 1973, duhu ya haura minti 7 cikin Sahara. Masanan Faransa da Ingila da Amurka suka shiga jirgin sama ɗaya, Concorde, suka bi inuwa a guje har minti 74, kana suka sauka Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Waɗansu kuma suka kafa tanti a Shingiti ta Muritaniya, tsohon garin malamai. Na ran 29 ga Maris, 2006, ya ratsa Gana da Nijeriya da Nijar, dubban baƙi suka taru a Sallum ta Masar.

Ga inda abin ke damuna. Baƙo yakan zo daga uwa duniya riƙe da agogo, ya san mintin da za a fara, mai gida kuwa sai ya ga gari ya yi duhu, yara su hau bugun gwangwani. Alhali kuwa hisabi ba baƙon ilmi ba ne wurin malamanmu. Sallar husufi tana nan da matsayinta, sanin lokaci kuwa sai dai ya taimaki liman ya tara jama'a.

Ran 2 ga Agusta, 2027, inuwa za ta bi ta Luksor, inda duhu zai wuce minti 6, ta ƙetare zuwa Jidda da Makka. Mu nan gefen rana kaɗai zai rufe. Ina roƙon malaman makaranta su fara gaya wa yara tun yanzu, su kuma hana su duban rana da ido tsirara, gama tana ƙona gani. A huda takarda da allura, a bar haske ya faɗa bisa wata takarda, a duba can.

Haza wasalam.
Ni ne, Akawu.