Wasannin Duniya: Yadda Ake Shirya Gasar Iyo ta Manya

A wannan wata za mu duba wani wasa wanda kakanni da 'ya'yansu suke yi a kududdufi ɗaya, watau gasar iyo ta manya. An soma ta a shekara ta 1970 a garin Amarilo na jihar Teksas, cikin Amurka, bisa ga shawarar wani likitan sojan ruwa mai suna Ransom Arthur. Shi ya ga ba daidai ba ne mutum ya bar iyo don kawai ya girma. A 1986 aka yi gasar duniya ta fari a Tokyo, babban birnin Japan.

To, yaya za a haɗa ɗan shekara 30 da ɗan shekara 80 ba tare da an zalunci kowa ba? Ga yadda ake yi.

Da fari ana raba mutane rukuni rukuni bisa ga shekarunsu, biyar biyar: 25 zuwa 29, 30 zuwa 34, haka har abin da ya yi sama. A gasar duniya, shekarun da mutum zai cika kafin ƙarshen ranar 31 ga Disamba su ne ake lissafa masa. Idan iyon karɓa-karɓa ne na mutum huɗu, sai a tara shekarunsu duka. Jimlar 120 zuwa 159 rukuni ɗaya ne, 160 zuwa 199 wani rukuni ne dabam.

Tun gasa tana da saura, kowa yakan rubuta sunansa, da irin iyon da zai yi, da kuma lokacin da ya saba ɗauka. A kan wannan lokaci ake gina dukan shirin. Gama kududdufin yana da layi takwas ko goma ne kawai, masu iyo kuwa suna da yawa, dole a shigar da su zubi zubi. Sau da yawa akan haɗa waɗanda saurinsu ya yi kusa da juna a zubi ɗaya, ko da shekarunsu sun bambanta. Inda layi takwas ne, wanda ya fi sauri shi ake ba layi na 4, mai bi masa na 5, sa'an nan 3, 6, 2, 7, 1, da 8. Da haka ne masu shiri suke lissafa minti nawa kowane zubi zai ci, su buga takarda a san ƙarfe nawa za a kira kowa.

Ranar gasa akan fara da motsa jiki cikin ruwa, ana shiga da ƙafa, ba a tsunduma da ka sai a layin da aka keɓe. Sa'ad da aka kira zubi, alƙalin wasa ya busa usur mai tsawo, kowa ya tsaya wurinsa. Tsoho wanda ba ya iya hawa dakalin tsalle an yarda masa ya tashi daga bakin kududdufi ko daga cikin ruwa. Wanda ya riga ƙara tashi, an fitar da shi. Akwai kuma masu lura a gefe. A iyon kwaɗo da iyon malam-buɗe-littafi, sai mutum ya taɓa bango da hannu biyu tare. A manyan gasa akwai faifai a jikin bango wanda yake tsai da agogo da zarar an taɓa shi, yana auna har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa.

Galibi ba a sake wani zagaye na ƙarshe. Kowa sau ɗaya yake iyonsa, a rubuta lokacinsa, sa'an nan a gwada shi da na tsararsa. Saboda haka mutum yana iya zuwa na ƙarshe a zubinsa, amma ya zama na fari a rukuninsa. A 2015 wata tsohuwa 'yar Japan, Mieko Nagaoka, tana da shekara 100 ta gama mita 1,500 da iyon rigingine. A kududdufi mai mita 25 wannan tsawonsa sittin ke nan, ta kuwa ɗauki sa'a ɗaya da wajen minti 16.

Yanzu ku lura da abin da yake riƙe da wannan tsari duka. Idan wani ya rubuta lokacin da ya fi ƙarfinsa don alfarma, zai tare layin wanda ya cancanta, ya kuma tsai da mutane suna jiransa. Idan ya ɓoye saurinsa don ya yi fice cikin marasa sauri, bai ƙaru da kome ba, gama agogo ne yake hukunci, ba ido ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Iyaye, sa'ad da za ku shirya wa yara tsere a makaranta ko a unguwa, ku gwada wannan hanya. Ku raba su bisa ga shekaru, ku rubuta lokacin kowa, ku ajiye takardar har wata shekara, domin yaron da bai ci kyauta ba ya ga ko ya fi yadda yake bara.

Sai wata mai zuwa.