Dandalin Kwamfuta: In saba ta ƙi haɗuwa da sauran kwamfutoci, daga ina za a fara?

A wannan makon za mu duba wata matsala da ke yawan tsayar da darasi a ɗakunan kwamfuta na makarantu da shagunan koyon jarrabawar CBT: an kunna saba, fitilarta na ci, fankarta na juyawa, amma sauran kwamfutocin ɗakin sun ƙi ganinta.

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ake ajiye kaya a cikinta domin sauran su riƙa ɗiba. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara haka a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Shi ya sa daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, har ƙauyuka irin su Surko, za ka samu malami ko matashi ya mayar da tsohuwar kwamfuta saba, ya zuba mata tambayoyin gwaji, ko manhajar Kolibri mai darussa, ko Kiwix mai ɗauke da Wikipedia, domin yara su yi karatu ba tare da sayen data ba. Ranar da wannan saba ta ɓace, aji guda ne zai zauna zugum. Ɗalibin da ke jiran amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu kuwa ba shi da makon da zai yi asara yana jiran mai gyara daga Dutse ko Kano.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, wannan ba matsalar sabis ba ce. Hanyar da ta haɗa kwamfutocin ɗaki ɗaya, wato LAN, ba ruwanta da MTN ko Airtel ko Glo. Ko babu ƙwayar data a rauta, ya kamata su ga juna. Haka nan bai kamata a yi saurin yarda da mai cewa a goge kwamfutar a sake zuba mata Windows ba. Sau da yawa laifin na can ƙasa, a wurin da ido ke iya gani. Don haka bincike daga ƙasa yake farawa: wuta, kebul, adireshi, sannan ƙofa.

Wuta da kebul

Ku leƙa bayan sabar, inda kebul ya shiga. A yawancin kwamfutoci akwai ƙananan fitilu a wurin, ɗaya na ci, ɗaya na ƙiftawa. In duk a mace suke, ba a kai ga batun manhaja ba tukuna. Ku duba ko rauta da suwic, wato akwatin nan mai ramuka da yawa da ke raba kebul, suna da wuta. Ba sabon abu ba ne a ɗora saba a kan inbata ko sola, a manta suwic a soket ɗin NEPA.

In akwai wuta, sai a zare kebul a sake cusa shi har a ji ya ce ƙas. Ɗan harshen robar da ke kansa yana saurin karyewa, in ya karye kebul zai zauna a rami kamar lafiya lau alhali bai taɓa komai ba. A gwada wani ramin, a gwada wani kebul da aka tabbatar yana aiki. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi takwas, in wanda ake buƙata ɗaya ya tsinke magana ta ƙare. Tsawonsa kuma kada ya wuce mita 100. A yankinmu abokan gabansa sanannu ne: ƙurar hunturu da ke toshe ramuka, ɓera da ke gaigayar wayar da aka bi da ita ta silin, da tsawar damina da kan ƙone rami ɗaya ta bar sauran. Shi ya sa yake da kyau a zare kebul da filogi in hadari ya haɗo.

Adireshi

Kowace kwamfuta a LAN tana da lambar gida, ita ake kira adireshin IP. A Windows, ku buɗe akwatin bincike ku rubuta cmd, baƙin allo zai fito, sai ku rubuta ipconfig. In Linux ce a kan sabar, ku rubuta ip addr. Lambar da kuke nema za ta yi kama da 192.168.1.10, ko ta fara da 10.

In kuka ga lambar ta fara da 169.254, to kun kama ɓarawon. Ma'anarta kwamfutar ta nemi adireshi daga rauta ba ta samu ba, sai ta laƙaba wa kanta wanda ba zai haɗa ta da sauran ba. Wannan kan faru idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, saba ta riga rauta farkawa. Sai a bar rauta ta gama tashi, kamar minti biyu, sannan a sake kunna sabar.

Sai kuma ku kwatanta adireshin saba da na kwamfutar ɗalibi. A irin tsarin da ake yi a gida da makaranta, kashi uku na farko dole su zo ɗaya, na ƙarshe kaɗai ke bambanta. Idan saba na 192.168.1.10, ɗalibi kuma na 192.168.8.100, to unguwarsu ba ɗaya ba ce. Wataƙila kwamfutar ɗalibin ta kama MiFi ɗin malami ko hotspot na wayar wani maimakon rautar ɗakin.

Akwai kuma wadda ta fi ruɗa mutane: jiya komai na aiki, yau shiru, kuma ba wanda ya taɓa komai. Rauta aron adireshi take bayarwa, ba kyauta ba. Bayan ɗauke wuta tana iya bai wa saba sabuwar lamba, ɗalibai kuma suna ta buga ta jiya. Maganin dindindin shi ne a kafe wa saba lamba ɗaya da ba ta canzawa, ko a cikin saitin rauta ko a cikin sabar kanta, a kuma tabbatar ba a bai wa wata kwamfuta irinta ba. Gida biyu da lamba ɗaya, ɗan aike ne zai rikice.

Sallama da ping

Yanzu sai a gwada. Daga kwamfutar ɗalibi, a baƙin allon nan, ku rubuta ping, ku bar fili, ku rubuta adireshin saba. Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta wannan ƙaramar manhaja a 1983, kuma har yau da ita manyan injiniyoyi ke fara bincike. Aikinta kamar sallama ne a ƙofar gida. In kuka ga layukan da suka fara da "Reply from" tare da lokacin da amsar ta ɗauka, an amsa. In kuka ga "Request timed out" ko "Destination host unreachable", ba a amsa ba.

Kada ku tsaya a nan. Ku yi wa rauta ping daga kwamfutar ɗalibi, ku sake yi mata daga saba. Ɓangaren da ya kasa samun amsa, a nan matsalar take. Da haka kun raba ɗakin gida biyu, kun rage wa kanku rabin aiki.

Ƙofa

Idan saba da ɗalibi duk suna jin rauta amma ba sa jin juna, to an rufe ƙofa ne. Windows na da katangar tsaro, kuma in ta ɗauki hanyar a matsayin "Public", wato ta jama'a, takan ɓoye kwamfutar. A shiga saiti a mayar da ita "Private". Ana iya kashe katangar na minti ɗaya don gwaji, amma a mayar da ita nan take, a buɗe wa manhajar da ake buƙata kawai. Wasu rautocin kuma suna da layin Wi-Fi na baƙi, wanda da gangan yake hana na'urori ganin juna.

In kuwa ping na amsawa amma shafin ya ƙi buɗewa a burauza, hanya lafiya take. Ko dai manhajar ba ta tashi a sabar ba, ko an manta lambar ƙofarta. Kolibri, alal misali, a kan 8080 take zama in ba a canza ba, don haka 192.168.1.10:8080 za a rubuta.

Gargaɗi biyu. Kada ku soka tsinke a ɗan ramin rauta da aka rubuta wa "Reset", domin zai share duk saitin da aka yi mata. Na biyu, duk wannan bayani na ɗakin makaranta ne da gida. A zauren jarrabawa ta gaskiya, in kwamfutarki ko kwamfutarka ta tsaya, hannu ake ɗagawa a kira jami'i, ba a taɓa kebul.

Aikin wannan makon: ku nemi izinin malamin kwamfuta, ku binciko adireshin saba da na rauta da lambar ƙofar manhajarku, ku rubuta a kwali ku manna a bango kusa da sabar. Ranar da ta sake ɓacewa, wannan kwalin zai iya cece ku daga kuɗin motar mai gyara. Waɗanda suka gwada su rubuto mana abin da suka gani. Mako mai zuwa za mu koyi yadda ake haɗa kan kebul da jerin launukansa takwas.