A kai yaran Zango daji su koyi ƙyastu

Jama'ar Zango, ku tambayi yaron Nima ko Maamobi yadda ake kunna wuta ba ashana, za ku ga ya yi zuru. Alhali kakanninmu fatake da suka bi hanyar Salaga neman goro, ƙyastu ne a jakarsu: ɗan ƙarfe, ƙanƙarar dutse da audugar rimi, a ƙyasta, a busa, wuta ta kama. Ni dai ina kan bakata, makarantun Accra New Town, na boko da na Islamiyya, su riƙa fita da yara daji. Shai Hills kilomita 50 ne kacal daga Accra, kuma kogunan dutsen da mutanen Shai suka fake a ciki har Turawan Ingila suka tashe su a 1892 suna nan daram. A can malam zai nuna musu gatarin aradu, wanda 'yan'uwanmu Ashantawa ke kira Nyame akuma, ya gaya musu ba tsawa ta jefo shi ba, mutanen Kintampo sun wasa irinsa da hannu shekaru sama da 3,000 da suka wuce. Daga nan a miƙa wa yarinya duwatsu biyu da ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta wasa har tafin hannunta ya yi zafi.