Tsutsar Kare Ba Ga Kare Take Tsayawa Ba

Ya kai manomi, da kai dagaci, ka saurara. A Badariya da sauran unguwannin Birnin Kebbi, har rugagen da ke bakin fadamar Gulbin Rima zuwa Argungu, ana ajiye kare domin tsaron gida da garke da farauta. Amma in aka ce a ba shi maganin tsutsa, sai ka ji an ce, "Kare ne fa, wa zai ɓata kuɗinsa?" Mu kuwa mun ce wannan kuskure ne, gama a kan tumakinka da 'ya'yanka abin yake ƙarewa.

Ga yadda al'amarin yake. Kadan an yanka tunkiya ko saniya ko raƙumi, akan iske ƙullutu mai ruwa a jikin hanta ko huhu. Sai a yanke wurin a jefa wa kare. To, cikin ƙullutun nan akwai 'ya'yan wata irin tsila. Ta girma a hanjin kare, tsawonta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya watsu a ciyawa da ruwa. Tunkiya ta ci, ƙullutu ya fito mata. Yaro ya shafa kare ya ci tuwo bai wanke hannu ba, shi ma ya fito masa a hanta, yana girma a ɓoye shekara da shekaru, wani har sai likita ya yi masa aiki.

Kwikwiyo kuwa da tasa tsutsar akan haife shi, domin tun a ciki yake ɗaukar ta daga uwa, sa'an nan a nono. Alamarta kumburin ciki da rama.

Maganin abin ba wuya. Kwikwiyo a fara ba shi magani yana da sati 2, a maimaita bayan kowane sati 2 har ya kai wata 3, sa'an nan wata-wata har wata 6. Babban kare kuwa kowane wata 3. Maganin tsila sunansa praziquantel. Likitan dabbobi shi zai faɗa maka awo, gwargwadon nauyin karen.

Kada ka ce ba ya yiwuwa. Ƙasar Niyu Zilan, mai tumaki tuli, ta shiga yaƙi da ciwon nan a 1959, da ba karnuka magani da hana su ɗanyen kayan ciki. A 2002 ta yi shelar ta rabu da shi.

Saboda haka, ya kai dagaci, ka kira Sarkin Fawa da masu unguwa. Hanta ko huhun da aka ga ƙullutu a jikinsa, a mahauta ko ran layya, a ƙone shi ko a binne da zurfi. Wanda ya jefa wa kare, garken maƙwabcinsa ya jefa wa cuta.

Haza wasalam.